Ɗakin Da Dodo Ba Ya Shiga

A bayan shagon Alfred mai gyaran rediyo, a Bukkuyum, akwai wani lungu da aka kare da labulen buhu. A nan dodon yake. Alfred mutumin kudancin Kaduna ne, ya daɗe a garin har bakinsa ya fara karyewa irin na Zamfarawa, yana cewa "wanga" bai ma lura ba. Bayan an rufe gidajen kallo ne ya sayo na'urar gem a hannun wani ɗan kasuwa, ya jona ta da wata tsohuwar talabijin da mai ita ya kawo gyara ya manta hanyar dawowa. Yara ba sa shiga lungun. Manya ke shiga, su ma a sace, bayan la'asar, in janareta ya yarda ya tashi.

Lukman ɗan kabu-kabu na cikinsu. Magidanci ne, da mata da jaririn da bai iya zama ba tukuna, kuma ya san abin da za a ce in aka gan shi riƙe da hannun gem yana zufa don tsoron abin da ke bayan gilashi. Duk da haka yana zuwa. Sai ya jingine babur a ƙofar shago kamar wanda ya kawo gyaran fitila, ya ɗaga labule.

Labarin gem ɗin, yadda Alfred ke karanta Turancin yana fassarawa, shi ne wani ciwo ya fito daga rijiyar wani gari a ƙasar Turawa ya juyar da mutanen garin. Wanda ya fi muni a cikinsu a da kafinta ne. Yanzu dogo ne har kansa na gogar rufi, naman fuskarsa ya zazzago, yana jan gizago a ƙasa, kuma kafin ka gan shi sai ka ji kukan ƙarfe a kan dutse. Harsashi ba ya kashe shi. Naka gudu ne kawai. A duk faɗin gidan da yake bin ka, wuri ɗaya ake samun numfashi: wani ɗan ɗaki mai koren bango, da ƙaramin gado, da takalmin yaro wari ɗaya a ƙasa. In ka faɗa ciki, dodon yakan zo har bakin ƙofa ya tsaya. Ya karkatar da kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Sannan ya juya, gizagon na bin sa a baya.

"Ɗakin ɗansa ne," in ji Lukman, ranar da ya fara lura. "Dubi gadon. Ai kafinta ne, shi ya haɗa shi da hannunsa. Shi ya sa ba ya iya shiga."

Alfred yana liƙe wata waya da dalma, ko ɗagowa bai yi ba.

"Direba, babu ɗa, babu uba. Waɗanda suka ƙera abin ne suka bar maka wurin hutawa, kamar tasha. An ce masa kar ka wuce layin nan, shi ke nan."

"To don me yake karkatar da kai?"

"Kazata ma tana karkatar da kai. Je ka tambaye ta wa take tunawa."

"Akwai sauran mutum a cikinsa, Injiniya."

"Akwai waya a cikinsa. Shekara nawa ina buɗe rediyo, ban taɓa tarar da mai labarai zaune a ciki ba."

Lukman bai yi dariya ba. Alfred ya ajiye ƙarfen liƙin, don ya gane ya taka wani wuri. Duk Bukkuyum an san abin da ke ɗakin ƙurya na gidan marigayi Sanusi, mahaifin Lukman.

Atine, mahaifiyar Lukman, a da daddawarta har daga Gummi ake aikowa a saya. Mace ce da ba a taɓa jin muryarta ta tsallaka katanga ba. Ciwon ya kama ta tana cikin takaba. Da farko da tukwane take hira, ana cewa kewa ce. Daga baya ta daina barci, ta daina wanka, ta fara yaga zanenta. An kai ta asibiti a birni, aka ba da ƙwayoyi da ke kwantar da ita tana dalalar da miyau, da suka ƙare ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Sai aka sa wa ɗakin ƙurya sakata ta waje. In namiji ne ya haukace, gari yana da amfani da shi, ana samun abin dariya a kasuwa. Mace kuwa rufe ta ake yi, a riƙa gaishe da 'yan gidan da murya ƙasa-ƙasa kamar an yi mutuwa, alhali ba a ci ko gumbar sadaka ba.

Abin da ya fi tayar wa dangi hankali zagin ne. Takan kama ƙarafunan taga ta yi ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa na yanka, kowa da abin kunyarsa, na gaskiya da na ƙirƙira. Sunan mijinta, wanda tsawon zamansu ba ta taɓa furtawa ba sai dai ta ce Malam, yanzu tsirara take kwarma shi, Sanusi, Sanusi, ta haɗa da na uwarsa. Maƙwabta sukan yi salati, su ƙara matso da tabarmarsu jikin katanga.

Suna ɗaya ne bai taɓa fitowa ta tagar nan ba.

Lukman ɗan fari ne. Kakarsa ce ta goye shi tun daga yaye, kuma Atine ta riƙe kunyar ɗan fari fiye da yadda ko tsofaffi suke nema. Ba ta kallon idonsa. Ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, sai ta ajiye ya ɗauka. Kafin a haifi ƙanwarsa sunansa a bakinta "wancan yaron", da aka haifi Saude ya zama Yayan Saude, har yau da Saude ke gidan miji da 'ya'yanta. Yana yaro yakan zauna yana jin yadda ake kiran Saude tun safe, Saude zo, Saude tashi, Saude Allah ya shirye ki, ya ji ko zagin ne a ba shi ɗan kaɗan da sunansa a ciki. Ranar da ya faɗo daga itacen kanya ya karye, ba ta fito ba. Tana bayan ƙyaure tana aiken mutane. Sai da ya girma Saude ta gaya masa Inna ba ta sa komai a baki ba har aka dawo da shi daga wurin maɗori.

Yanzu shi ke kai mata abinci, don shi kaɗai ba ta kai wa hannu. Da ya zare sakata sai zagin ya yanke. Ta juya ta fuskanci bango, ta jawo abin da ya rage na zanen ta rufe kai. Wani lokaci ta ce, "Ajiye nan, Yayan Saude." Sau da yawa takan yi jifa da kwanon, amma sai ya fita ya mayar da ƙofa, sai ya ji ƙarfen ya daki katako a bayansa. Wannan ɗan jinkirin shi ne duk abin da yake da shi, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba sai ta hanyar gardama a kan dodon Turawa.

Ana tsakiyar damina abin ya faru. Lukman ya kai fasinja Yargalma, ruwa ya tsare shi. Matarsa Dija ta ga rana ta yi nisa tsohuwa ba ta ci komai ba, ta ɗauki kunu, da goyo a bayanta, ta zare sakatar. Atine ba ta dubi kunun ba. Goyon ta cafka. Ta riƙa ja tana ihu cewa ɗanta ne, an ɗauke mata, a ba ta abinta. Majanyi ya kwance. Dija ta juya ta tare yaron da ƙirjinta ta faɗi, bakinta ya daki dokin ƙofa, haƙori ɗaya ya fita. Kan jaririn kuwa tsakaninsa da dutsen bai kai faɗin tafin hannu ba.

Washegari uban Dija ya aiko da magana gajera: ko tsohuwa ta bar gidan, ko 'yarsa ta dawo gida da ɗanta. Kawu Namadi, yayan Atine, ya zo daga ƙauye da taɓo har gwiwa, aka zauna a zaure, da liman da dattawan unguwa biyu. Kawu ya ce akwai mai magani a wani ƙauye gaba da Nasarawa Burkullu, wanda direbobi ke kira Mai Turu.

Lukman ya san wurin. Ya sha kai masu ziyara. Ya ga turun, wato gungumen icce da aka huda ana zura ƙafar mutum a ciki, ya ga hayaƙin barkono da ake turara su da shi a ƙarƙashin bargo, ya ga tsumagiyar tsamiya a jiƙe cikin ruwa. Ya kuma ji abin da mai maganin ke gaya wa dangi in ihu ya yi yawa: ba ɗan'uwanku ake duka ba, wanda ke kansa ake duka. Magana ce mai daɗi ga wanda zai hau babur ya koma gida.

"Kawu, ba za a kai Inna can ba."

"Wace Inna?" Kawu Namadi ya ce, ba da faɗa ba. "Yaro, ni na goya Atine. Ni na san ta tun ba ta iya hwaɗin sunana daidai. Wagga da ke ɗaki, da ta zagi uwarmu da ke kabari, ba ita ba ce. Atine ta tahi tun bara. Abin da anka bar muna gida ne da baƙo a ciki, kuma baƙon jiya ya so kashe ɗanka."

"Tana nan."

"Ina shaida?"

Sai Lukman ya fito da abin da ya daɗe yana ɓoyo. Ya ce su saurara in ta fara. Ta kira liman, ta kira Kawu, ta kira Baba da ke ƙasa. Wa ya taɓa jin ta kira shi? Wanda ba ya nan ba ya jin kunya.

Dattawan suka dubi juna. Ɗayansu ya gyaɗa kai, don shi katangarsa ce ta fi kusa, kuma babu abin da ya wuce shi.

"Ba ta kai gare ka ba dai," in ji Kawu. "In tak kira fa?"

"Ranar da ta kira sunana da bakinta, ku ɗauke ta. Ni zan ba ku hanya."

Yana faɗa ya ji daɗin nauyin maganar a bakinsa, irin daɗin da matashi ke ji in ya ga dattawa sun yi shiru dominsa. Kawu ya ce an ji, liman shaida ne. Ranar kasuwa zai zo da mota da mutanen Mai Turu, a buɗe ɗakin kowa na tsaye. In ta zagi duniya ta bar sunansa, su koma da motarsu, uban Dija kuma shi Kawu zai je ya ba shi haƙuri. In ba haka ba, to, magana ta fito daga bakin mai gida.

Ana gobe kasuwa Lukman bai yi aikin kirki ba. Da la'asar ya ɗaga labulen buhu. Ya yi nisa a gem ɗin, ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, gidan ya fara cin wuta daga ƙasa. Ya ji kukan gizago. Ya ruga ta matakala, ya faɗa koren ɗakin, ya saki ajiyar zuciya, har ya ɗora hannun gem a cinya. Dodon ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ya karkatar da kai. Sannan ya sunkuya, ya tura kafaɗa, katakon ƙofar ya tsage, ya shigo.

Lukman bai ko danna komai ba. Yana kallo aka ɗaga gizagon, gilashin ya yi ja, rubutun Turanci ya fito.

"Ka gani?" in ji Alfred. "Da gangan suke yi. Su bar ka ka saki jiki, sannan su fasa. Mugaye ne masu ƙera abin nan."

"Bai taka takalmin ba."

"Me?"

"Da ya shigo. Ya tsallake takalmin yaron. Ban ga ya taka ba."

"Ya sare ka biyu, Direba."

"Na sani. Amma takalmin fa?"

Alfred ya miƙa hannu ya kashe talabijin ɗin. Ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma kafin ya ce wata nas 'yar cocinsu ta ce akwai asibitin masu irin wannan ciwo a Kware, kusa da Sakkwato. Lukman ya tambaye shi ko a can ba a ɗaure mutum. Alfred ya ce shi bai sani ba, allura dai ya ji ana yi.

"Ni rediyo na sani," ya ce. "Kar ka ɗauki maganata ta waya ka kai gida. Je ka huta."

An kwana ana ruwa. Da hantsi motar ta zo, ƙaramar bas mai ɗaurin igiya a ƙofa, ta tsaya a ƙofar gida tana tari. Kawu ya shigo da maza biyu, ɗaya da igiya a naɗe a kafaɗa. Liman ya tsaya daga bakin zaure. Dija na ɗakinta da kumburarren leɓe, tana leƙe ta labule. Kawunan maƙwabta sun jeru a kan katanga.

Lukman ya zare sakata, ya tsaya a gefen ƙofar.

Atine ta fito da rarrafe, haske ya kashe mata ido. Da ta ga yayanta sai ta miƙe ta fara. Ta kira shi Namadi ɓarawon gonar marayu, ta kira liman da sunan da uwarsa ta sa masa, ta bi katanga kai bayan kai, har wata mata ta sulale ƙasa da sauri. Lukman na tsaye yana jin sunaye na wucewa ta gefensa, kowanne na ƙara masa ƙarfi. Ya ga Kawu ya fara sunkuyar da kai.

Mai igiyar ne ya gaji da tsayuwa. Ya sauke ta daga kafaɗa ya fara warwarewa, don kawai hannunsa ya sami abin yi.

Zagin ya yanke. Atine ta dubi igiyar, ta dubi mutumin, ta dubi ƙofar zaure inda ake hango bas. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san mutanen Mai Turu da igiyarsu. Ta ja da baya har bayanta ya taɓa bango. Sai ta juyo ta dubi ɗanta, cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. A ranar ya san akwai ɗan tabo a farin idonta na hagu.

"Lukumanu," ta ce.

Ba da ihu ba. Sunan ya fito a karkace, irin faɗin tsofaffi, daga bakin da bai saba da shi ba.

"Lukumanu, kar ka bari su tahi da ni."

Abin da Lukman ya yi ta roƙo a zuci tun yana yaro ya iso, a tsakar gida, gaban shaidu.

"Ka ji," in ji Kawu Namadi. Hawaye na bin furfurar gemunsa. "Ka ji da kunnenka. Atine ko yanka ta za a yi ba ta hwaɗin wanga suna. Ba mu hanya, ɗana."

Ya ba su hanya. Ƙafafunsa ne suka yi, shi yana ganinsu. Aka ɗaure mata hannu ta gaba, aka ɗaure ƙafa, aka ɗauke ta kamar buhun gero tana kiran sunan nan tana ƙarawa, har aka fita zaure. Aka zaunar da ita kujerar baya, jikin taga. Ya bi su har waje ya tsaya cikin taɓo.

Direban bas na faman tayar da mota sai Atine ta daina kiran. Idonta ya sake faɗawa kan nasa ta gilashi. Sai ya ga ta ɗaga ɗaurarrun hannayen ta bugi bakinta, sau ɗaya, a hankali, yadda mata ke yi in abin da bai kamata ba ya kuɓuce musu a cikin mutane. Ta kamo gefen yagaggen zanen da yatsu, da ƙyar, ta ja shi kan fuskarta, ta juya masa ƙeya.

Motar ta tashi. Kawunan kan katanga suka koma harkokinsu, da abin hira na mako guda.

Ya daɗe a wurin. Da ya shiga gida ya tarar Dija ta riga ta fara share ɗakin ƙurya, ta sa garwashi a kasko da turare. Ba mugunta ba ce, ɗakin na wari. Ya tura babur ɗinsa waje.

"Ina za ka?" Maganarta na fita da iska ta gurbin haƙorin.

Ya ci gaba da tura babur ɗin.

"In ka dawo da ita ba za ka tarar da ni ba. Wallahi ba don ƙiyayya ba. Kai ba ka ga inda kan yaron nan ya tsaya ba, ni na gani."

"Na sani, Dija."

"Ka sani, kuma za ka tafi."

Ya buga babur.

Hanyar Nasarawa Burkullu da damina ba hanya ba ce, shawara ce. Ya faɗi sau ɗaya, ya tashi. A bakin wata ƙorama da ta cika ta tumbatsa ya tarar da bas ɗin a tsaye, ita da jakuna da 'yan kasuwa da wasu Fulani da shanunsu, kowa na jiran ruwa ya janye. Kawu na zaune kan dutse. Da ya gan shi bai yi mamaki ba, sai dai fuskarsa ta ƙara tsufa.

"Ka yi magana gaban liman."

"Na yi. Na janye."

"Namiji ba ya janye irin wagga. Daga yau in ka buɗe baki a zaure, yara za su ci gaba da wasansu."

"To."

"Ta kira sunanka, Lukman."

"Ta kira. Tsoro ta ji, Kawu. Sannan ta ji kunya. Na gani."

"Kai kaɗai kag gani."

"Ni kaɗai."

Kawu ya tashi ya je jikin tagar. Ya ce, "Atine, wane ne wanga da ya zo?" Daga ƙarƙashin zanen aka amsa masa da cewa shi ɓarawon gonar marayu ne, kuma uwarsa ma haka. Wani Bafulatani ya kawar da kai yana danne dariya.

"Wanga ba shaida ba ne," in ji Kawu.

"Ba shaida na kawo ba. Inna na zo ɗauka."

Mutanen Mai Turu ba su yi gardama ba, su dai sun ce ba su ne suka ɓata tafiyar ba. Lukman ya kwance igiyar da kansa. Ya zaunar da ita a bayan babur, ya karɓi rawanin Kawu, wanda ya miƙo ba tare da ya dube shi ba, ya zagaya da shi ya ɗaure ta a bayansa kamar goyo. A lokacin an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, amma duk wanda ya gan su a hanya bai tsayar da su ba.

Ba su yi nisa ba ta kafa haƙora a kafaɗarsa. Ba ta taɓa kai masa hannu ba sai yau. Ta cije, ta riƙe, yana jin jini na bin bayansa cikin riga, yana riƙe da kan babur da hannu biyu don taɓon ba ya yafe wa wanda ya saki. Ya yi ta tambayar kansa ko cizon ƙiyayya ne, ko na mai tsoron faɗuwa, ko kuwa babu komai a cikinsa sai haƙora. Har suka shiga Bukkuyum bai sami amsa ba. Kasuwa ta cika, aka buɗa musu hanya, ana kallo.

Gidan shiru. Ɗakin ƙurya a share, yana ƙamshin turare. Ya kwance rawanin, ta sauka ta shige da kanta ta zauna tana fuskantar bango. A madafa ya tarar da tuwo a rufe, kwano biyu. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce wan Dija ne ya zo ya tafi da ita. Ya buɗe baki zai tambayi ɗansa, sunan ya tsaya masa a maƙogwaro, don shi ma bai taɓa furta shi ba tun ranar suna.

"Yaron fa?" ya ce.

"Ai da shi aka tafi."

Ya ɗauki kwano ɗaya ya kai ya ajiye kusa da ƙafarta. Ba ta juyo ba. Ya fita, ya mayar da ƙofa, ya sa sakata, ya tsaya. Can sai kwanon ya daki katako daga ciki.

Gobe zai koma wurin Alfred ya nemi nas ɗin nan ta gaya masa hanyar Kware. Gobe kuma zai je gidan surukinsa ya tsuguna, a bar shi a tsugune. Yanzu dai kafaɗar na bukatar ruwan zafi, kuma tsumman gasa ta yana ɗakin Dija. Ya tsallaka tsakar gida ya ɗaga labulen. An kwashe kwalla da akwati, an naɗe katifa. Ƙaramar tabarmar da ake kwantar da yaron ce kawai a shimfiɗe inda take. Ya tsaya a bakin ƙofa, labulen a hannunsa, jini na bushewa a rigarsa, yana sauraron ɗakin ƙurya, inda aka fara kiran sunaye daga farko.